Gurbin da Ukasha Ya Cike Min

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce wai na cika zargi, in ban yi wasa ba a ɗakin Inna zan tsufa da kwamfuta a cinya. Na gode 'yar uwa, Allah ya bar zumunci. Ki karanta na yau tukuna, sannan ki sake yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Zulai, 'yar Malam Ɗan'azumi manomin masara a nan Hunkuyi. Ina digiri na biyu a Zariya. Wanda ke nemana sunansa Ukasha, ɗan Ikara, dogo, mai sanyin murya, aikinsa na kwamfuta ne daga gida. Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka tsayar kawunnansa za su kawo goron neman aure. Tun ranar da ya fara sallama a ƙofar gidanmu sharaɗina ɗaya ne, ban ɓoye ba: bayan biki zan ci gaba da zuwa Zariya har in yi digiri na uku. Da yake gidansu zan zauna, sashe ɗaya da mahaifiyarsa, na ce ya je ya ji ta bakinta. Ya dawo ya ce min Hajiya ta amince.

Baba kuwa ya kira ni ya ce, "Zulai, ni ba zan zaɓa miki miji ba. Amma ki sani, ranar da aka kwance huhun goron nan aka raba wa dangi da maƙwabta, magana ta fita daga hannuna. Ban taɓa tsayar da magana na dawo na tashe ta ba, ba kuma zan fara a kanki ba."

Na ce, "Na ji, Baba." A lokacin babu abin da ke damuna.

To bari in ɗan gaya muku aikina, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya hana ni sukuni ba. Duk ɗan manomi ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da ke maƙale wa saiwar masara ta tsotse ta har ta ƙanjame. Ita ta cinye wa Baba rabin gonarsa ta hanyar Kudan shekara biyu a jere. Malamina ya aika saiwoyin masara ƙasar waje, waɗansu wuta-wuta ta kama, waɗansu lafiyayyu. A can akwai na'urar da ke warware saiwa zuwa ƙananan ƙwayoyin da suka gina ta, mu muna ce musu sel, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ƙirga waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin kowanne. Ni ƙwayar gado guda nake farauta, wadda muke zaton ita ce masara ke tayarwa don ta kare kanta.

Matsalar ita ce sakamakon da ke dawowa kusan duk sifili ne. Na'urar ba ta iya kama komai. Idan ka ga sifili, ba ka san ko ƙwayar gadon ce a kashe ba, ko kuwa tana aiki na'ura ce ta kuskure ta. Shi ya sa ake yin abin da muke kira imfuteshan, ni dai cike gurbi nake ce masa. Manhajar kan ɗauki sel mai sifili, ta nemo 'yan uwansa da suka fi kama da shi, ta ga me suke da shi a wannan wurin, sai ta yi kirdado ta cike masa. Kirdado ne mai hankali, amma dai kirdado ne.

Kwamfutata tsohuwa ce, in na ɗora mata wannan aikin sai ta yi zafi ta suma. Ta Ukasha kuwa ƙatuwa ce, ga sola a gidansu. Shi ya ce in ba shi fayil ɗin a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta, ya yi min. Bayan kwanaki sai ga hoto ya shigo wayata, taswirar sel ɗin saiwa, kowane sel ɗigo guda, ga ƙwayar gadona ta haska jajir kamar garwashi. A ƙasa ya rubuta, "Ga wahalarki ta biya, ranki ya daɗe."

Wallahi sai da na yi kuka. Na ruga da wayar wajen Baba yana gyaran buhuna a zaure. Ya sa tabarau ya duba, ya juya wayar sama ya juya ta ƙasa, ya ce, "Wannan jan shi ne maganin?" Na ce hanyar maganin ce. Ya ce Allah ya yi albarka. Inna kuwa cewa ta yi, "Kin gani ko? Miji har da aikin makaranta yana yi miki. Sai ki zauna kina ta feleƙe."

Ranar Laraba da yamma ya zo zance, sanye da yadi ruwan ƙasa da hula zanna, ya miƙo min filas ɗin a cikin ledar turare. Ranar Alhamis da safe, bayan na gama shara, na shimfiɗa darduma a ɗakina, na jona, na buɗe fayil ɗin, na ce manhaja ta zana min ƙwayar gadona.

Toka. Ɗigo-ɗigo masu launin toka, da 'yan jajaye tsilli-tsilli nan da can, daidai yadda na ba shi. Na goge na sake. Na kashe kwamfutar na kunna. Na buɗe teburin lambobin da kansa na bi da ido, sifilina ne dai suke kallona, babu wanda aka cike.

Na ɗauki waya.

"Ukasha, fayil ɗin da ka dawo min da shi babu abin da ya canja. Ina aikin?"

Ya karanta nan take, alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa.

"Yana ciki, ranki ya daɗe. Ki ajiye aikin nan sai bayan Asabar, ki huta."

"A ina yake a ciki?"

"Zan nuna miki da kaina. An yi miki lallen?"

Ku ji fa. Ina tambayar mutum aikin da na yi wata da watanni a kansa, shi yana tambayata lalle. Abu ne da layi ɗaya zai rubuto min in gani. Nan na ce lallai da walakin goro a miya.

Ban samu damar zama da tunanin ba, don gidanmu ya riga ya kacame. Inna ta sa an fito da manyan tukwane, an jiƙa zoɓo, ana yankan cincin a tsakar gida. Tela ya aiko da ɗinkina, atamfa kore mai zanen ganye, hannun ya matse ni, Inna ta ce haka ake yayi. Gwaggo, yayar Baba, ta iso tun Laraba da jakarta da carbinta. Ita aka tura Ikara bincike watan jiya, kuma tun da ta dawo ba ta gaji da ba da labarin ba.

"Ni fa ban bar kowa ba," in ji ta, tana murza ƙullin cincin. "Na tambayi mai shayin bakin layinsu, na tambayi matar liman, na tambayi masu acaɓa. Kowa bakinsa ɗaya. Yaron nan bai iya ɓata wa mutum rai ba. Mai shayi ya ce tun da yake da shi bai taɓa jin ya ce wa wani a'a ba."

Na ce, "Gwaggo, ita Hajiyar kun zauna da ita?"

"Mun gaisa. Ai ba a shiga gidan mutane a tsare su da tambaya kamar 'yan sanda. Maƙwabci shi ne madubin mutum."

Inna ta harare ni. "Ke dai ba ki rabo da tone-tone. Sa'o'inki nawa suka rage a layin nan? Farida da kuka yi firamare tare 'ya'yanta uku. Allah ya kawo miki mai hankali, kina neman aibunsa da fitila."

Na ci gaba da yanka. Amma a raina lissafi nake. Ko dai bai yi aikin ba sam, ya samo hoton wasu a intanet ya turo min. Ko ya yi, ya riƙe na gaskiyar a wajensa sai an raba goro, ya zama ba ni da yadda zan yi. Ko kuma, wannan shi ya fi ci min rai, ya ba wani sakamakona. Ni na san yadda ake kwana a tashi a ga aikin mutum ya fito da sunan wani. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ni ranar nan na kwashi zunubi iya cikina.

Ranar Juma'a aka yi min lalle, ja a tafin hannu, baƙi a baya. Ina zaune hannuwa a sama kamar wadda aka kama da sata, saƙonsa ya shigo. Da gefen ɗan yatsa na buɗe.

"Gobe i war haka kin zama tawa a bakin manya."

Na kife wayar. Da lallen ya bushe na kira Philomena.

Philomena 'yar ajinmu ce, 'yar Gubuchi, babanta malamin makaranta ne kuma dattijo a cocinsu. Tebur ɗaya muke zama a lab, ɗakin gwajinmu, ita dawa take yi wa irin aikin da nake yi wa masara. Baki gare ta kamar reza, amma ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Na zayyana mata komai.

Ta ce, "Zuly, kar ki kashe bawan Allah tun ba a yi shari'a ba. Dama gobe zan zo taya Inna aiki. Ki sa kwamfutar a caji."

Asabar da hantsi ta sauka daga acaɓa da ɗaurin raken Makarfi a kafaɗa, ta sa doguwar riga da ɗankwali ta ɗaura shi gaba. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta gaida Gwaggo, Inna ta ce, "Yauwa Filo, zo ki yi wa ƙawarki faɗa, tun shekaranjiya take kumbure-kumbure." Ta ce, "Inna ki bar ni da ita." Muka shige ɗaki na saka sakata.

Ta ja kwamfutar gabanta. Kafin ta buɗe komai ta nuna min gefen sunan fayil ɗin.

"Wanda kika ba shi nauyinsa nawa?"

Na duba kwafin da na ajiye. Na duba nasa. Nasa ya ninka nawa sau da yawa.

Ta ce, "To in bai yi komai ba, me ya ƙara masa ƙiba? Iska?"

Ni haushi ya hana ni lura da wannan. Ta ce in loda shi, kada in ce a zana komai, in rubuta sunansa kawai in danna, zai faɗi abin da ke cikinsa. Na yi. Bayani ya fito, yawan sel, yawan ƙwayoyin gado, sai can ƙasa wani layi da ban taɓa kula da shi ba, don a nawa fayil ɗin babu shi.

Philomena ta sa farce a kai. "Ga su nan. Leya. Ke kin zaci manhajar za ta goge lambobinki na asali ta zuba na kirdado a wurinsu? Ba ta yin haka, kuma gara da ba ta yi. Na asali suna nan a inda suke, na cikon tana ajiye su a wani hawa daban. In kika ce ta zana miki ba ki ambaci leya ba, na saman za ta ɗauko. Kamar kular abinci ce mai hawa-hawa, kin buɗe ta sama kin ga shinkafa, kin zauna kina kuka ba a sa miki miya ba."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Kwana biyu ina zagin mutum a zuci, ashe aikin yana hannuna. Na ce, "Innalillahi. Filo, na ɗauki alhakinsa."

"Sai ki biya shi da girki. Amma tsaya, leya biyu nake gani."

Na matso. Ta farko sunanta "cike". Ta biyu sunanta "don_Zulai".

Philomena ta dafe ƙirji ta yi wata 'yar ƙara. "Wayyo soyayya! Har cikin fayil! Ni saurayina Austin ko sunana a waya bai iya rubutawa daidai ba."

Na yi dariya, ba zan ɓoye muku ba, har wani sanyi na ji. Amma me ya sa biyu? Aiki ɗaya na ba shi.

Na zana ta farko. Ƙwayar gadona ta fito, amma ba garwashi ba. Wani ɗan gungu ne a gefe guda na taswirar ya yi ja-ja, sel ɗin da ke zagaye da tsakiyar saiwa, sauran duk toka. Na raba hoton biyu, masarar da wuta-wuta ta kama da lafiyayya. Jan yana wajen wadda aka kama kawai. Ƙarami ne, amma yana inda hankali zai ɗauka.

Philomena ta ce, "Wannan ai sakamako ne mai kyau. Malam zai yi murna."

Na ce, "Ba shi ya turo min ba."

Na zana ta biyu. Ga shi nan, hoton wayata sak, ja ko'ina. Na raba shi biyu kamar na farko. Masarar da wuta-wuta ba ta taɓa ko kusantarta ba, ita ma jajir. Na ɗauko wata ƙwayar gado da kowa a lab ya san a gashin saiwa kaɗai take aiki, na zana ta a wannan leyar. Ita ma ta bazu ko'ina, har cikin tsakiyar saiwa inda ba ta da abin yi.

Dariyar Philomena ta ɗauke. Ta ce a hankali, "Ya buɗe maƙwabtan da yawa. Maimakon kowane sel ya tambayi 'yan uwansa na kusa, ya sa ya tambayi gari gaba ɗaya, ya kuma maimaita har kowa ya zama ɗaya. Zuly, wannan ba kuskure ba ne. Wanda ya iya yin na farko ya san abin da yake yi a na biyu."

Na tuna na riga na sa hoton nan a cikin abin da zan gabatar gaban malamai. Da na tsaya da shi, tambaya ɗaya za a yi min in zube. Na tuna Baba da tabarau yana juya waya.

A waje Inna na ƙwala kira, "Zulai! Ku fito ku sa kaya, an ce sun wuce Makarfi!"

Na danna lambarsa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Amarya."

"Na ga leyoyin, Ukasha. Duka biyun."

Ina jin kukan kaji a gidansu.

"Wanne ne na gaskiya?"

Ya sauke numfashi. "Na farkon."

"Na biyun fa?"

"Zulai, ki saurare ni. Wata nawa kina kuka a kan sifilin nan? Kin rame. Da na yi na farko na ga ɗan abin da ya fito, sai na ji ba zan iya turo miki shi ba, kin sa rai da yawa. Na ce bari in ƙara masa haske kaɗan ki yi farin ciki, in hidimar nan ta wuce in zaunar da ke in nuna miki na ainihin. Ban goge komai ba, kin gani da idonki. Lambobinki na asali ko ɗaya ban taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Kuma muryarsa ta karye, irin ta wanda ya san ya yi laifi. Ni ba dutse ba ce. Na ji zuciyata ta fara saukowa, har na fara shirya yadda zan ce masa ya wuce amma kada ya ƙara. Philomena ma ta ɗaga kafaɗa, alamar to, ba sata ya yi ba.

Sai maganar mai shayi ta faɗo min. Bai taɓa ce wa wani a'a ba.

Na ce, "Ukasha, zan tambaye ka abu ɗaya, don girman Allah kada ka ƙara masa haske."

"Ina ji."

"Maganar karatuna. Hajiya da bakinta ta ce ta amince?"

"Hajiya ba ta da matsala, Zulai."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ai ita ta bar Ummuhani ƙanwata ta yi kwalejin ilimi. Matar Yaya Salman ma koyarwa take yi, ba ta taɓa hana ta ba. Ko 'yar ƙanwarta da ke aikin asibiti..."

"Ummuhani 'yarta ce. Matar Yaya Salman a cikin Ikara take koyarwa, azahar ta dawo gida. Ni Zariya zan riƙa tafiya, wani lokaci in yi sati. Ka zauna gabanta ka faɗa mata haka?"

Ya yi gyaran murya.

"Na so in faɗa mata. Ranar ba ta jin daɗi. Daga baya kuma na ga in an riga an yi, ba za ta ƙi ba. Na san halinta, za ta amince."

"Ita me ka ce mata?"

Da ƙyar na ji shi. "Na ce kin kusa gamawa."

Na kashe wayar. Ban yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Tsoro ne ya kama ni, tsoron mutumin da yake sona har ba zai iya bari in ji abin da ba na so ba. Ni ya gaya min abin da zai faranta min, Hajiya ya gaya mata abin da zai faranta mata, ya bar mu mu haɗu a tsakar gida ɗaya bayan biki mu gane da kanmu. Kuma ban ce Hajiya ta ƙi ba, ku lura. Wataƙila ta yarda da hannu biyu. Ban sani ba, shi ma bai sani ba, don babu wanda ya tambaye ta.

Philomena ta riƙe hannuna mai lalle. "Me za ki yi?"

Kafin in buɗe baki muka ji tsayuwar motoci a ƙofar gida, da rufe ƙofofi, da sallamar manya. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Na leƙa ta taga na ga an shigo da huhun goro an dire a kan tabarma a gindin bishiyar mangwaro, ga katan ɗin alewa a gefe. Inna ta fito da farantai tana jerawa, na gidan liman, na gidan mai unguwa, na dangin Kudan.

Na zura atamfar ko zif ban ja daidai ba, na yafa mayafi. Inna ta tare ni a ƙofa.

"Babanki na kira. Saura ki je ki yi masa wani surutun. Fuskar nan kuma ki sake ta."

Baba yana ɗakinsa, ya sa babbar rigarsa fara ta Juma'a, yana gyara hula kafin ya fita wajen baƙi. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Ya ce, "To Zulai, ga mutane sun zo. Na ce sai na sake ji daga bakinki. Kin amince?"

Na san mutanen nan manya ne, sun baro Ikara da safe, wasu sun bar gonakinsu. Na san abin da za a ce a layinmu kafin la'asar. Na san Inna za ta yi sati ba ta amsa gaisuwata ba. Kuma ina son Ukasha, wannan ma ku rubuta ku ajiye.

Na ce, "Baba, hoton nan da na nuna maka mai ja, ba na gaskiya ba ne. Na gaskiyar yana nan, ƙarami ne, amma shi ne nawa. Ukasha ne ya ƙara masa don in ji daɗi. Maganar karatuna ma haka ya yi, bai tambayi Hajiya ba."

Baba ya tsaya da hannu a kan hula.

"Ban ce na ƙi shi ba, Baba. A karɓe su hannu biyu, a ba su abinci. Amma kada a kwance goron nan sai an ji daga bakin Hajiya ita kanta."

Ya juyo ya kalle ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, na kasa gane fushi ne ko wani abu. Daga tsakar gida muryar Gwaggo ta taso, "Wai ina wuƙar ne? A miƙo a yanke igiyar nan, rana na yi!"

Baba ya zura takalmansa, ya ɗaga labule, bai ko ɗaga murya sosai ba.

"Yaya, ajiye wuƙar nan tukuna."

Na ji faranti ya suɓuce daga hannun Inna ya yi ta juyi a kan siminti. A daidai nan wayata ta fara ruri a cikin mayafi. Lambar Ummuhani ce. Na ɗauka.

"Anti Zulai," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "Yaya Ukasha ya shiga ɗakin Hajiya ya durƙusa, ban san me ya gaya mata ba. Ta ce in kira ki. Ga ta."